Ɗan Alƙali a Gaban Alƙalai: Malam Aminu Kano da Haƙƙin Talaka a Kotunan En'e

Gabatarwa

Masu rubuta tarihin siyasar Arewacin Nijeriya sun saba kallon Malam Aminu Kano ta fuskar zaɓe: kujera nawa jam'iyyarsa ta ci, nawa ta rasa, da wa ta ƙulla ƙawance. Idan da wannan mudu za a auna shi, to awon ba zai cika ba, domin NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati ba, shi kansa kuwa sau ɗaya tak ya ci zaɓen shiga Majalisar Wakilai ta Tarayya, watau a 1959. Wannan maƙala za ta bi wata hanya dabam. Za ta dubi mutumin ta fuskar shari'a, ta nuna cewa babban filin dagar da ya yi shekara goma sha biyar yana fafatawa a cikinsa shi ne zauren alƙali, kuma a nan ne ya fi barin gurbin da talaka ya amfana da shi. Za a riƙa waiwayar ƙasar Gumel a matsayin misali, saboda wani dalili da zai bayyana nan gaba.

Gidan da ya fito

An haifi Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ran 9 ga Agusta, 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, Bafillace ne daga zuriyar Gyanawa, waɗanda aka sani a Kano da ilmin fiƙihu da riƙon alƙalanci. Malam Yusufu mufuti ne a kotun Alƙalin Kano, har ma ya taɓa riƙon ƙwaryar babban alƙalin gari. Ke nan yaron ya tashi yana ganin yadda ake shigar da ƙara, da yadda ake sauraron shaidu, da kuma yadda saƙo daga fada kan iya riga hukunci isowa. Da al'amura sun tafi yadda aka saba, da wataƙila shi ma buzun alƙalanci zai gada. Sai karatun boko ya ja shi wani wajen: Midil ta Kano, Kwalejin Kaduna daga 1937 zuwa 1942, koyarwa a Midil ta Bauci inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur, sannan shekara guda a Jami'ar Landan daga 1946 zuwa 1947. A 1950 ya ajiye aikin gwamnati yana malami a Kwalejin Horon Malamai ta Maru, ya koma Kano ya shiga NEPU, wadda wasu samari takwas suka kafa ran 8 ga Agusta na wannan shekara. A 1953 ya zama shugabanta.

Wannan asali yana da muhimmanci ƙwarai ga fahimtar abin da ya biyo baya. Mai sukar kotunan En'e da ya fito daga Kudu, ko daga cikin Turawan mishan, da sauƙi a rufe masa baki a ce bai san addini ba. Aminu kuwa ɗan gida ne, ya karanta littattafan da alƙalan suka karanta, yana yin tafsiri da azumi, saboda haka idan ya ce hukunci kaza ya saɓa wa shari'a, tilas a nemo masa amsa daga cikin littafi.

Yadda kotun En'e take

Kafin a gane abin da NEPU ta yi ta kuka da shi, ya kamata a san yadda aka gina kotunan. Lokacin da Lugga ya kafa mulkin Ingilishi a Arewa, ya bar wa sarakuna kotunansu, ya hana hukunce-hukuncen da Turawa suka ga sun yi tsanani, kamar yanke hannu, sannan ya sa Razdan da Di'o su riƙa duba littattafan shari'a. Aka kasa kotunan daraja huɗu, daga A zuwa D. Masu daraja ta A, watau kotunan manyan sarakuna da na wasu manyan alƙalai, suna iya yanke hukuncin kisa, amma sai Gwamna ya tabbatar kafin a zartar.

A bisa takarda wannan tsari ya yi kama da girmama addini da al'adar mutane. A aikace kuwa ya tara iko a hannu guda fiye da yadda aka taɓa tara shi kafin zuwan Turawa. Alƙali ma'aikacin En'e ne: sarki ke naɗa shi da yardar Razdan, daga baitulmalin En'e yake karɓar albashi, kuma hukumar da ta naɗa shi tana iya tuɓe shi. Ɗan dokan da ya kamo mutum na En'e ne. Gidan yarin da za a kai shi na En'e ne. Idan ya ɗaukaka ƙara, sau da yawa gaban sarki da 'yan majalisarsa za ta je, watau gaban shugaban hukumar da ta kama shi tun farko. Lauya kuwa doka ta hana shi tsayawa a kotun En'e ko kaɗan. Bugu da ƙari, laifuffuka da dama ba a rubuce suke cikin wani kundi ba. Sun faɗa ƙarƙashin babin ta'aziri da na siyasa, inda aka bar wa mai hukunci ya duba maslaha ya yanke abin da ya ga ya dace. Malaman fiƙihu sun buɗe wannan ƙofa ne don shugaba adali ya tsare jama'a daga ɓarna. Amma da zarar shugaban ya zama uban wata jam'iyya, wanda ake tuhuma kuma ɗan wata jam'iyyar ce, to wuƙa da nama sun haɗu a hannun abokin hamayya.

A nan ne misalin Gumel yake da amfani. Masarautar Gumel ta Mangawa ce, an kafa ta wajen tsakiyar ƙarni na 18, ta daɗe tana bin Barno, kuma ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Tsohuwar hedkwatarta ma, Tumbi, tana cikin Jamhuriyar Nijar a yau. Duk da wannan bambancin tarihi, da Turawa suka zo a 1903 suka sa ta cikin Lardin Kano, sai suka ɗora mata tsarin da suka ɗora wa Kano da Katsina da Zazzau daidai wa daida: En'e mai baitulmalinta, da alƙalanta, da 'yan dokanta, da gidan yarinta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kotun En'e ta 1950 ba gadon jihadi zalla ba ce kamar yadda masu kāre ta suka riƙa faɗa. Ginin mulkin mallaka ce da aka yi wa rufi da rawani. Manomin gyaɗa a Gagarawa, wanda jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru yake kwashe amfaninsa tun wajen 1930, da makiyayin da ke koro shanu kasuwar Maigatari, da mai noman gero a Sule Tankarkar, duk hanya ɗaya suke bi idan haraji ko jangali ya gagare su: daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, daga nan sai ɗan doka da alƙali. A ƙaramar masarauta ma abin ya fi matsi, domin kowa ya san kowa, babu taron birni da mutum zai ɓuya a cikinsa.

Siyasa ta shigo zaure

Muddin babu jam'iyyu, wannan tsari yana tafiya da sauƙinsa da tsananinsa, gwargwadon halin sarki da tsoron Allah na alƙali. Kuma adalci ne a faɗa cewa an yi alƙalai masu gaskiya da yawa, waɗanda suka raba gado da aure da rikicin gona cikin sauri da araha, da harshen da mai ƙara yake ji, abin da kotun Joji ba ta iya yi ba. Zaɓen 1951 ne ya tone raunin ginin. NEPU ta yi rinjaye a matakan farko na zaɓen a birnin Kano, amma da yake zaɓe ne mai hawa-hawa, kuma an ba En'e damar cusa mutanenta a matakin ƙarshe, sai jam'iyyar ta tashi ba ta da kujera ko ɗaya a Majalisar Kaduna. Masu sarauta suka farga. A 1952 NEPU ta fitar da sanarwar nan da aka sani da Sanarwar Sawaba, inda ta bayyana cewa akwai saɓanin bukata tsakanin masu riƙe da En'e da talakawa. Daga nan aka ja daga.

Makaman da aka yi amfani da su sanannu ne. Ba a yin lacca sai da izinin En'e, izinin kuwa yakan maƙale. Wanda ya yi taro ba izini ya karya doka. Wanda ya ambaci hakimi a lacca ana iya tuhumarsa da zagi ko ɓata suna ko neman tayar da fitina. Hukuncin yakan zama bulala, ko tara, ko 'yan watanni a gidan yari, sau da yawa daidai lokacin da damina ta kankama ko zaɓe ya ƙarato. A Kano a 1953 aka sami ƙungiyar 'yan daba da aka yi wa laƙabi da 'Yan Mahaukata, masu far wa 'yan NEPU. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta shugabanci matan jam'iyyar, an ɗaure ta sau da dama saboda laccocinta da kiran da take yi a ba matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a. Ba ita kaɗai ba ce. Sunanta ne ya fi fita.

Abin da ya kamata manazarci ya lura da shi shi ne irin amsar da Aminu ya zaɓa. Bai ce a rushe shari'ar Musulunci ba, ko da yake abokan hamayya sun yi ta shafa masa wannan kashin kaji. Ya koma ne ga rubuce-rubucen shugabannin jihadi da kansu. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa abubuwan da ya zargi sarakunan Haɓe da su, har da jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu iko. Malam Abdullahi na Gwandu kuma ya yi bayanin sharuɗɗan shugaba da na alƙali a cikin Liya'ul Hukkami. Hujjar Aminu ita ce: waɗanda ke da'awar gadon Shehu sun maido da abin da Shehu ya yaƙa. A gefe guda kuma, ga shi ya dawo daga Landan da harshen 'yancin ɗan Adam na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattara cikin sanarwarta ta 10 ga Disamba, 1948. Gwanintarsa ita ce ya iya zuba waɗannan ruwaye biyu a kwarya ɗaya, ya miƙa wa mai sauraro da Hausar kasuwa. Kalmomin da suka ɗauki nauyin wannan aiki, watau zalunci, 'yanci, sawaba, haƙƙi, duk tsofaffi ne a harshen, galibinsu daga Larabci. Sabon abu shi ne an fitar da su daga zauren karatu an kai su bakin dandali, an kuma nuna da yatsa wanda ake nufi.

Kalmar sawaba ma ta tsallaka iyaka. Ƙetaren Maigatari kaɗan, a ƙasar da Faransa ke mulka, jam'iyyar Jibo Bakari ta ɗauki wannan suna, aka haramta ta a 1959, wasu 'ya'yanta suka sami mafaka a Kano wurin 'yan NEPU.

Gyaran 1958 zuwa 1960

Matsin lamba kan kotunan bai fito daga NEPU kaɗai ba. Tun a 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mai suna Tsofo Gubba, bisa hujjar cewa a dokar laifuffuka ta Turawa tunzurawa tana sassauta laifin kisa. Wannan hukunci ya jefa tsarin cikin ruɗu na shekaru, domin ya nuna cewa ran mutum yana iya rataya a kan wace kotu aka fara kai shi. Da 'yancin kai ya ƙarato kuma, ƙananan ƙabilu da waɗanda ba Musulmi ba suka bayyana tsoronsu. A 1957 Ingila ta naɗa hukumar Sir Henry Willink ta binciki wannan tsoro. Rahotonta na 1958 bai goyi bayan ƙirƙiro sababbin jihohi ba, sai ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan ƙasa cikin tsarin mulki, a kwaikwayo daga yarjejeniyar ƙasashen Turai ta 1950. An shigar da su a 1959 gab da zaɓen tarayya, suka kuma zama babi na uku na tsarin mulkin 1960.

A cikin wannan shekara ta 1958 gwamnatin Sardauna ta aika wakilai Sudan da Libiya da Pakistan su ga yadda ƙasashen Musulmi suka tsara dokokinsu, sannan ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Cikin kwamitin akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa J. N. D. Anderson na Jami'ar Landan, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Malam Musa, babban alƙalin Bida. Daga shawararsu aka sami kundin laifuffuka na Penal Code, wanda aka ɗebo daga na Sudan, shi kuma daga na Indiya na 1860, ya fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960, ana gobe za a karɓi mulkin kai. Aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a don al'amuran aure da gado da makamantansu, wadda Malam Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalanta a 1962.

Wannan babban ci gaba ne, kuma ba daidai ba ne a hana gwamnatin NPC yabonta a kai. Daga ranar, a ƙa'ida, ba a hukunta mutum sai kan laifin da ke rubuce. Sai dai an sauya littafi ne, ba a sauya mai riƙe da littafin ba. Alƙali yana nan ma'aikacin En'e, kotun sarki tana nan, lauya har yanzu yana waje. Sabon kundin ma ya zo da sassa kan tayar da hankali da yaɗa ƙarya mai cutarwa, waɗanda suka yi wa mai neman ɗaure ɗan hamayya daidai kamar an auna.

Shari'ar da ta fi fito da iyakar sababbin haƙƙoƙin ita ce ta Ɗahiru Ceranci a 1960. Dokar yara da matasa ta Jihar Arewa ta 1958 ta hana yaran da ba su kai shekara 16 ba shiga harkar siyasa, ta kuma sa hukunci kan babban da ya ja su ciki. Kowa ya san inda aka nufa, domin NEPU ce ke da rundunar yara masu waƙe-waƙenta a kan titi. Da aka hukunta Ɗahiru Ceranci a ƙarƙashin wannan doka, sai aka kai maganar Babbar Kotu ana neman ta bayyana cewa dokar ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki da na taro. Mai Shari'a Bate ya ƙi, ya ce taƙaitawar tana cikin abin da za a iya yarda da shi a ƙasa mai bin dimokuraɗiyya, don kāre tarbiyya da zaman lafiya. Shekara guda bayan haka J. S. Olawoyin ya ƙalubalanci dokar, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta kore shi da cewa ba shi da hurumin kai ƙara tun da dokar ba ta taɓa shi ba tukuna. A ra'ayina hukuncin Bate ba maras hujja ba ne idan aka karanta dokar ita kaɗai. Rauninsa shi ne ya ƙi kallon wanda aka ɗana wa tarkon. Duk da haka shari'ar ta kafa tarihi: tana cikin na farko-farko a Nijeriya da talaka ya riƙe tsarin mulki ya tsaya da shi gaban hukuma.

Yana da kyau a ajiye wani ɗan Arewa kusa da Aminu don kwatanci. Mamman Nasir na Katsina ya zama lauya a Ingila a 1955, ya riƙe Ministan Shari'a na Jihar Arewa daga 1961 zuwa 1966, daga bisani ya zama alƙalin Kotun Ƙoli a 1975, sannan Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992. Shi ne cikakken misalin alƙali ɗan siyasa, mai ganin gyara daga ciki, sannu a hankali, ba tare da an fusata sarakuna ba. Aminu bai taɓa zama kan kujerar hukunci ba, kuma yana ganin sannu a hankalin nan bayan talaka take ƙarewa. Tarihin shari'a a Arewa bai cika ba sai an karanta su tare.

Abin da soja suka ƙarasa

Abin da majalisa ta kasa yi cikin shekara goma sha biyar, dokar soja ta yi shi cikin biyu. Bayan juyin mulkin Janairun 1966, gwamnatin Hassan Usman Katsina, wanda shi kansa ɗan sarki ne, ta soma raba kotuna da En'e. A 1967 aka soke kotunan sarakuna, aka kafa dokar kotunan yanki, watau Eriya Kot, wadda ta fara aiki ran 1 ga Afrilu, 1968. Alƙalai suka koma ƙarƙashin Babban Jojin jiha, aka sa musu sufetoci masu duba ayyukansu. Gidajen yari da 'yan doka su ma aka miƙa su ga Gwamnatin Tarayya a shekarun da suka biyo. A lokacin Aminu yana cikin gwamnatin Gowon, Kwamishinan Sadarwa tun 1967, daga baya na Lafiya har 1974. Akwai abin mamaki a nan da bai kamata a tsallake ba: mutumin da ya yi ta kiran mulkin jama'a ya ga burinsa ya cika ta hannun gwamnatin da babu wanda ya zaɓe ta, wadda kuma take da dokokinta na tsare mutum ba tare da shari'a ba. Masu yabonsa sukan wuce wannan gaɓa da sauri.

Sauran bukatun sun zo ɗaya bayan ɗaya. Matan Arewa sun sami ƙuri'a a 1976, suka yi zaɓen ƙasa na farko a 1979. Haramcin tsayawar lauya a kotun yanki cikin shari'ar laifi bai tsira ba bayan tsarin mulkin 1979, wanda Aminu yana cikin kwamitin da ya tsara daftarinsa da kuma majalisar da ta yi muhawara a kansa. A zaɓen 1979 sabuwar jam'iyyarsa, PRP, ta ci jihohin Kano da Kaduna, kuma cikin matakan farko da gwamnoninta biyu, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka ɗauka akwai soke haraji da jangali. A wancan lokaci ƙasar Gumel tana cikin Jihar Kano, domin sai ran 27 ga Agusta, 1991 aka yanke Jigawa. Ke nan sokewar ta shafi makiyayin Maigatari da manomin Gagarawa kai tsaye, ta kuma toshe babbar hanyar da ta saba kai su gaban alƙali.

Ba a daɗe ba PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, gwamnonin suka bi wancan, Malam ya tsaya a wannan. Yana cikin shirin zaɓen 1983 Allah ya yi masa rasuwa ran 17 ga Afrilu, aka binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda a yau ake kira Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero.